Lahadin Iya Mai Niƙa

A hawa na biyu na wani tsohon bene akwai ɗakin gwaje-gwaje, inda ake duba ko akwai ragowar maganin feshi a jikin ganyen shayi da busasshen furen da mutane ke jiƙawa su sha. A nan wata mata ke aiki, wadda kowa ke kira Iya Mai Niƙa. Duk abin da aka kawo, furen wardi ne, ko soborodo, ko na'ana'a, ko baƙin shayi, ta hannunta yake fara bi. Ta buɗe leda, ta zazzage a faranti, ta niƙe shi lilis, ta auna ɗan kaɗan a sikeli. Ta jiƙa shi da ruwa, ta zuba masa sinadari, ta girgiza, ta sa a injin da ke wulwula kwalabe har ruwan ya rabu da tsaki. Sai ta tsotsi na saman ta ɗura a wata 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsa ba, ta miƙa wa Dakta. Daga nan babban inji ya karɓa, shi ne mai faɗin ko manomi ya wuce ƙa'ida wajen feshi. In ya wuce, buhunansa ba za su ga kasuwa ba.

Da wankin kwalabe ta fara, a shekarar da mijinta ya rasu ya bar ta da yaro guda. Daktoci sun zo sun tafi, an canza injina, an sake fentin bango, ita tana nan a teburinta na kusa da taga. Daktan da ke shugabancin ɗakin yanzu sa'an ɗanta ne, mutum mai fara'a da yawan surutu, in abu ya ɗaure masa kai ya riƙa zagaye tebur yana magana shi kaɗai.

Aikin yana da dokoki, kuma dokokin ba sa tsayawa a bakin ƙofa, har gida suke bin mutum. Ba turare, ba man shafawa mai ƙamshi, ba maganin sauro na kunnawa ko na fesawa, domin hancin injin nan ya fi na kare. Iya ta riƙe dokokin har suka zama halinta. A cikin gidan sauro take kwana ko ana zafi kamar tanda. In ta shiga taron mata kowa na tashin ƙamshi, ita kaɗai ce ba ta ƙamshin komai, kamar ruwan famfo. Maƙwabta suka yanke hukuncin rowa ce. Ta taɓa gaya wa matar da ke ƙasan ɗakinta cewa furen da ake sayarwa don ado ba na zubawa a shayi ba ne, ana yi masa feshi ba ji ba gani. Matar ta yi godiya da fatar baki, daga ranar kuma ba ta sake kiranta shan shayi ba. Tun daga nan Iya ta koyi jan bakinta.

Abin alfaharinta a duniya shi ne fanko. A kowane rukunin aiki sai ta haɗa kwalba guda da ba a sa mata ganye ko fure ba, ruwa ne kawai da sinadari, amma ta bi duk hanyar da sauran suka bi. Ita ce fanko. In an sa ta a inji dole layin da ke fuskar kwamfuta ya kwanta shimfiɗe, ba tsini ko ɗaya. In kuwa wani abu ya ɗago kai a cikinta, to dattin daga ɗakin yake ba daga gona ba, aikin ranar ya tashi a banza, sai an sake. Shekara da shekaru fankon Iya bai taɓa ba ta kunya ba.

Yaron nan nata ya girma, ya koyi gyaran wutar lantarki, ya yi aure, aka haifa masa 'ya mace. Yarinyar ba ta daɗe da iya magana ba ya kwanta ciwo, kwanciyar da bai tashi ba ke nan. Matar ta koma gidan iyayenta da 'yar, bayan wani lokaci ta yi aure a can ƙarshen gari. Ba su yi faɗa da Iya ba. Da ma faɗan suka yi, da an sami abin sulhuntawa. Abin dai ya yi ta sirancewa ne: da ana kawo yarinyar, aka koma gaisuwa ta waya, gaisuwar ma ta koma ta lokaci-lokaci, kullum tana ƙarewa da, "Muna nan tafe, Mama, in an sami lokaci." Iya kuwa ba mai cusa kai ba ce a gidan wani namiji da ba ta haifa ba.

Saboda haka Lahadi ta zame mata ranar da ta fi kowace tsawo. Ta wanke farar rigar aiki ta shanya, ta share ɗakin da ba wanda ya ɓata, ta dafa abinci na mutum ɗaya a tukunyar da ta yi mata yawa. Sannan ta ja kujera bakin taga tana kallon shagon mai walda da inda bas ke tsayawa, tana ganin mutane suna sauka da ledoji za su gidajen da ake jiran su. Kewa ce take damunta, kuma ta san sunanta, sai dai ba ta da wanda za ta gaya wa.

Wata ranar Asabar da yamma wayarta ta yi ƙara. Da ta ga matar marigayin ɗanta ce ke kira, sai ta ɗauka wani mugun labari ne.

"Mama, ina wuni. Kin ji mu shiru."

"Lafiya lau, 'yar nan. Yaya maigidan naki? Yaya ƙawata?"

"Lafiya ƙalau. Mama, wata 'yar matsala ce, wallahi har kunyar faɗa nake ji." Ta rage murya kamar bango na sauraro. "Ƙwarƙwata ta kwaso a makaranta. Kan nan nata cike yake. An ba mu magani a kemis, amma ni ina fama da laulayi, ko murfin na buɗe sai amai. Kuma ba na son dangin gidan nan su ji, kin san baki."

"Gobe ina nan tafe," in ji Iya, tun kafin a roƙe ta.

Ta ajiye wayar ta zauna tana murmushi ita kaɗai. Ba a taɓa yin wadda ta yi wa ƙwarƙwata godiya a zuci ba kamar Iya a wannan yammaci.

Gidan ƙarami ne mai tsabta, da baranda a baya inda ake shanya, ga tankin ruwa a gefe. Nan aka shimfiɗa musu tabarma. Aka turo yarinyar, ta fito tana jan ƙafa, doguwa siririya, haƙoran gabanta biyu sun fita. Ta tsaya tana ƙare wa Iya kallo.

"Ke wace Kakar ce?"

"Kakarki ta wajen babanki."

"Ai ita ba ta sa tabarau."

"Ta wajen ɗaya baban."

Yarinyar ta yi ɗan lissafi, sannan ta ɗaga kafaɗa, ta zo ta zauna a tsakanin ƙafafunta ta ba ta baya. Tambayar ta soki Iya, amma ba ta bari an gani ba. Ta sa hannu ta fara tsefe kan.

Gashi ne na gaske, baƙi wuluk, mai cika, in an ja shi ya sauko har kafaɗa. Gashin ubanta ne sak, har da 'yar karkatar da yake yi a ƙeya. Iya ta zo da safar hannu daga wurin aiki, amma ba ta jima ba ta cire ta ajiye, don da safa ba ka jin ƙwan da ya manne a silin gashi, sai da tsurar yatsa. Ta shafa maganin tun daga goshi har bayan kunne, ta jira, ta wanke, ta ɗauki mataji mai ƙananan haƙora ta shiga bi tsaga-tsaga. Hannun da ya saba da auna abin da ido ke gani da ƙyar bai san gaggawa ba. Duk wadda ta kama sai ta matse ta tsakanin farce biyu, a ji ɗas.

"Ta mutu?"

"Ta mutu murus."

"Ki nuna min gawar."

Kafin la'asar sun zama ƙawaye na sosai. Iya ta ji labarin malamar lissafi mai ƙaton agogo, da yarinyar da ke satar abin goge fensir, da wanda ake zargin shi ya kawo wa ajin ƙwarƙwata. Aka kawo musu abinci suka ci a kwano ɗaya. Rabon da Iya ta ci abinci wani yana yi mata surutu har ta manta. Da za ta tafi yarinyar ta raka ta ƙofa, ta ce a dawo da wuri kafin 'ya'yan waɗanda aka kashe su zo ramuwa.

Ranar Litinin da hantsi Dakta ya kira ta gaban kwamfuta. A layin fanko akwai wani ɗan tsini, ƙarami, amma yana nan tsaye ƙyam.

"Iya, yau fankonki ya yi baƙo."

Ta sunkuya ta dubi sunan da injin ya rubuta a ƙarƙashin tsinin. Iya ba ta yi karatu mai zurfi ba, amma ta shekara tana ganin sunayen magungunan nan har ta san fuskar kowanne. Wannan ta gan shi jiya, a jikin kwalbar da ta riƙe a baranda. Ashe maganin ƙwarƙwata da maganin feshin gona 'yan gida ɗaya ne. Nan take ta sha jinin jikinta.

"Ikon Allah," ta ce, ta koma teburinta.

Aka sake aikin ranar. Zuwa tsakiyar mako tsinin ya rage, kafin Juma'a ya ɓace. Iya ta ce wa kanta abin na ɗan lokaci ne. A jikin kwalbar an rubuta a shafa sau biyu, mako guda a tsakani, shi ke nan. Lahadi ta biyu ta je ta yi na biyun, ta dawo ta yanke farce har ya yi mata zafi, ta dirje hannu da burushi, ta sauya ɗankwali da jaka. Duk da haka Litinin baƙon ya dawo. Ba ta taɓa kawo tabarau a ranta ba, wanda take turawa sama da yatsa a baranda in ya zamo, ta kuma tura shi da yatsan safa a bakin aiki ba tare da ta sani ba.

Lahadi ta uku dubawa kawai aka ce ta zo ta yi. Ta zaunar da yarinyar inda rana ke haskawa, ta bi kan nan tsaga bayan tsaga, ta koma ta sake bi. Babu. Ba mai rai, ba ƙwai, fatar kan fes kamar an goge faranti. Aikinta ya yi kyau, kuma ta gane ba sauran dalilin da zai sa a kira ta. Yarinyar na jingine da gwiwarta tana koya mata wani wasan tafa hannu. Uwar ta leƙo daga ƙofar kicin, ta toshe hanci da gefen mayafi.

"Mama, yaya? An rabu da su?"

Iya ta dubi kan. Ta tuna kujerar bakin taga da tukunyar nan mai yawa.

"Da saura," ta ji bakinta ya faɗa. "Kin san ƙwan nan da naci. Sai an bi a hankali."

"Kai! To Mama, sai ki daure mana, don Allah."

"Ba komai, 'yar nan. Ai aikina ne."

Da farko ta yi niyyar ƙaryar ta tsaya a baki. Ta ce za ta riƙa zuwa ta taje kan da ruwa kawai, ta shafa mai, ta yi kitso, ba wanda ya cutu. Amma mai ciki hancinta ya fi na injin Dakta. Uwar ta fito shanya ta shaƙi iska, ta ce, "Mama, yau ban ji warin ba. Ko ya ƙare ne? Ga sabuwar kwalba can maigidan ya sayo." Iya ta je ta ɗauko. Ta buɗe sabuwar kwalbar, ta ɗiga kaɗan a tafin hannu, ta shafa a ƙeya da bayan kunne, daidai yadda wari zai tashi. Kaɗan ne, in ji ta a ranta. Lahadi ta gaba ma kaɗan ne.

A wurin aiki kuwa Dakta ya tashi hankalin kowa. Ya sa aka zubar da sinadarin da ake amfani da shi aka buɗe sabo. Aka wanke kwalabe aka gasa su a tanda. Aka kwance injin niƙa har ƙusoshinsa. Ya tsare mai shara yana tambayarsa ko yana fesa maganin kyankyasai in an tashi, mutumin ya rantse har da hawaye, Dakta ya ba shi haƙuri. Ledojin fure suka taru a kan tebur, masu kaya suna ta kira a waya, shi kuwa ya ce ba zai sa hannu a kan sakamakon da bai amince da shi ba, gara a jira har tsakiyar mako in ɗakin ya washe.

"Ni abin da ke ba ni mamaki," ya ce yana zagaye tebur, "wannan abu ya san ranakun aiki. Litinin ya zo da ƙarfinsa, Laraba ya fara hamma, Juma'a ka neme shi ka rasa. Wallahi sai ka ce ma'aikacin gwamnati."

Kowa ya yi dariya, Iya ma ta yi. Ta sunkuyar da kai a kan sikeli.

Ba tsoron kora ne ya fi damunta ba. Wata magana ce da Dakta ke yawan gaya wa masu kaya in sun zo suna ƙorafi a kan ɗan abin da aka gani a buhunsu, suna cewa wannan ai ko kaza ba zai kashe ba. Yakan ce musu ba wanda ke kayar da mutum nan take ake tsoro ba, ɗan kaɗan ɗin nan ne da ake sha yau, a sha gobe, a sha jibi. Iya ta ji maganar har ta haddace. Rabin rayuwarta ta ƙarar tana farautar wannan ɗan kaɗan a cikin shayin mutanen da ba ta sani ba, ga shi yanzu da hannunta take ɗiga shi a kan jikarta. Bayan kunnen yarinyar ya fara yin ja, fatar ƙeyarta tana ɓarewa kamar garin dusa. Ta koma susa, uwar kuma ta ɗauki susar a matsayin shaida cewa ƙwarƙwata na nan.

Kowace Litinin Iya takan ɗaura niyya, ta ce wannan Lahadin za ta faɗi gaskiya. Ta tsara maganar a bas, ta maimaita ta a kan hanya. Amma tana kwanar layin sai ta hango yarinyar a bakin ƙofa tana tsalle, tana kiran, "Kakata ta zo! Kakata ta zo!" Ba Kaka mai tabarau ba, ba Kaka ta wajen ɗaya baban ba. Sai maganar ta narke mata a baki. Ta san abin da take yi ba daidai ba ne, ba ta yaudari kanta ba ko sau ɗaya. Tsoron komawa bakin taga ne ya fi ƙarfinta.

Ranar da abin ya zo ƙarshe, ba kowa a bakin ƙofa. Ta yi sallama ta zagaya baya. A tsakiyar baranda an ajiye kujera 'yar tsuguno, yarinyar na zaune a kai, an ɗaura mata tsohon zane a wuya. An tsefe gashin ya baje a kafaɗunta. Ba ta kuka da murya, hawaye ne kawai ke bin fuskarta suna ɗiga a kan zanen. Mijin uwar na tsaye da injin aski a hannu, ya jawo wayar wuta ta tagar kicin. Mutumin kirki ne, mai kunya, kullum sai ya rusuna yake gaishe ta.

"Sannu da zuwa, Iya. Mun wahalar da ke da yawa, wallahi. Mai kemis ya ce in abu ya ƙi jin magani haka, a sauke gashin gaba ɗaya a huta. Ai zai sake fitowa."

"Za a yi min dariya a aji," in ji yarinyar. "Kaka, ki ce kar a aske."

"Ki yi haƙuri mana," uwar ta ce daga bakin ƙofa, ta dafa ƙugu, cikin ya fito sosai. "Kakarki ta yi iya yinta. Kina so ki yi ta susa har ki ji ciwo?"

Mutumin ya danna injin, ya fara ruri. Yarinyar ta runtse ido ta ƙanƙame gefen kujera.

"Dakata," Iya ta ce.

Bai ji ba, sai da ta kama hannun rigarsa. Ya kashe.

"Kar ka taɓa mata kai. Ba komai a kan nan."

"Iya, ai susar…"

"Susar magani ce. Maganin ne ya ci mata fata." Ta saki hannun rigarsa. "Kan yarinyar nan tas yake. Ya daɗe da zama tas."

Uwar ta sauko daga dokin ƙofa a hankali.

"Ya daɗe kamar yaya, Mama?"

"Tun shafawa ta biyu."

Matar ta tsaya tana kallonta, kamar tana jiran a ce wasa ne. Sannan ta matso, ta manta da hanci da amai, ta sa yatsu a gashin 'yarta a karo na farko tun da abin ya fara. Ta tsaga nan, ta tsaga can. Ta lanƙwasa kunnen ta ga jan da ke baya, ta ɗaga gashin ƙeya ta ga inda fatar ta ɓare. Da ta ɗago, idonta ya kaɗa.

"Mama, wannan fa jikarki ce."

"Na sani."

"Ke da kika fi kowa sanin abin nan? Ke da ko maganin sauro ba kya kunnawa?"

Iya ta sauke idonta a kan yarinyar. Ba ta da abin kare kanta, kuma ba ta nema ba.

"Da kin ce min kawai kina son ganinta," matar ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "Da baki kawai."

"Da na ce, da kin ce in an sami lokaci."

Ba da zafi ta faɗa ba, amma maganar ta sauka. Matar ta kau da kai. Ba ta musa ba, ba ta kuma sauko ba. Ta kwance zanen daga wuyan yarinyar, ta kama hannunta.

"Zo mu je in wanke miki kai."

Yarinyar ta waiwayo, fuskarta jiƙe, amma ta fara murmushi, don ita abu ɗaya ta fahimta a cikin duk zancen.

"Ba za a aske ba?"

"Ba za a aske ba, ƙawata."

"Kaka, kin kashe su duka ke nan?"

"Duka."

"To me za mu yi ran Lahadi?"

Uwar ta ja ta ciki, labulen ya faɗo. Mijin ya tsaya yana naɗe wayar injin a hannunsa, ya rasa inda zai sa idonsa. Ya ce ta bari ya kai ta tasha a mota, ta ce ta gode, tana son ta ɗan taka. Ya raka ta har ƙofa ya rusuna kamar kullum.

Lahadi ta zagayo. Iya ta yi wanka da wuri, ta sa kayan fita, ta ajiye wayar a kan cinya. Ba ta sa ran za a kira ba, amma ta ƙi yin wanki don kada hannunta ya kasance cikin kumfa. Mai walda ya buɗe shago ya rufe. Bas ya yi ta sauke mutane. Da rana ta yi sanyi ta tashi ta cire kayan ta ninke. Ba ta ga laifin uwar yarinyar ba, da ita ce ma abin da za ta yi ke nan. Sau da yawa ta ɗauki wayar za ta tambayi ko bayan kunnen ya warke, sai ta ga ba ta da bakin tambaya, ta ajiye.

A makon da ya shige ɗin ne Dakta ya tsayar da gwaji tun ranar Litinin, ya kai ga kwalin safar hannu. Ya ce ita kaɗai ta rage ba a canza ba, wa ya san a wane sito aka ajiye ta kafin a kawo. Aka kwashe tsohon kwalin, aka buɗe na wani kamfani. Litinin ɗin da ta biyo baya, Iya tana cikin zazzage furen wardi a faranti ta ji ya ƙwala mata kira.

"Iya! Iya, bar abin nan ki zo ki gani!"

Ta goge hannu ta je. Ya juyo mata da fuskar kwamfutar, yana washe baki kamar wanda aka yi wa albishir da haihuwa. Layin fanko ya kwanta shimfiɗe daga wannan gefe zuwa wancan.

"Kin gani? Ko ɗigo babu. Ashe duk wahalar nan safar hannu ce."

"Ashe," in ji Iya.

"Fankonki ya dawo yadda muka san shi. Duk abin da ke biyo mu ran Litinin ɗin nan, an sallame shi, ba zai sake zuwa ba."

"Ba zai sake ba."

Ya ce a kira masu kaya a gaya musu su kwantar da hankali, ya aika a sayo wa kowa lemo. Iya ta daɗe tana kallon layin, sannan ta koma teburinta. Ta juye furen a cikin injin niƙa, ta rufe, ta danna. Furen ya yi lilis tun tuni, amma ba ta ɗaga yatsa ba, don muddin injin na ruri ba wanda zai zo ya yi mata barka.